Kwaɗo a Shagon Hoton Shekari

Tun daga kan kwana Damaris ta hango jan fenti a jikin ƙofar. Ba sai ta matsa ta karanta ba. Ita da ke cika wa rabin 'yan kasuwar Nasarawa fom ɗin haraji, ta san irin rubutun da ma'aikatan haraji ke bari idan sun rufe shago.

Wani ƙaton kwaɗo ne a ƙofar shagon hoton. Shekari na zaune a kan bencin masu jiran fasfo, yana ta juya wata farar takarda a hannunsa.

"Akanta, kin zo?" Ya yi ƙoƙarin murmushi, abin bai yiwu ba. "Zo ki ga abin da na wayi gari da shi. Ko shayi ban sha ba suka iso, su huɗu har da ɗan sanda, sai ka ce ɗan fashi suka zo kamawa."

"Kyamarar fa?"

"Tana ciki. Da ita da fitila da labule, har da hotunan zumuntar matan coci da na wanko jiya. Gobe Asabar ina da aure biyu, ɗaya a Kakuri ɗaya a Unguwar Mu'azu. Da me zan ɗauka? Da idona?"

Ya miƙa mata takardar. Naira dubu sittin da uku, harajin shekara uku, ban da tara. Ta ƙura wa lambar ido kamar yau ta fara ganinta, alhali wata biyu ke nan lambar na hana ta cin abinci.

"Dubu sittin da uku, Damaris! Ko shagon aka sayar da ni a ciki ba za a samu ba. Wai sun aiko takarda sau biyu ban amsa ba. Wace takarda? Ni ko ɗaya ban gani ba."

Ta ƙara matse jakarta a hammata. Takardun biyu suna ciki, a ninke, ƙarƙashin littafin waƙoƙin coci.

"Ni dai ina ganin hannun Sylvanus, wancan mai neman aurenki, a wannan abu," in ji Shekari. "Tun da farar hula suka hau ya fara samun kwangila, ba ofishin da ba shi da mutum."

"Kada ka ɗauki alhakinsa."

"Au, har kin fara kare shi?" Ya yi 'yar dariya, sannan ya sunkuyar da kai. "Ki yafe mini. Kwana uku kika yi a kan littafina, kika bar masu biyanki suna jira, ga shi duk wahalarki ta tashi a banza. Bari in je ofishin in ce su nuna mini inda suka samo wannan lamba."

"Bari ni in je!" Maganar ta fito da ƙarfi har mai ƙosai da ke gefe ta waiwayo.

"A'a. Ke kullum kina shiga wurinsu, kada a fara haɗa sunanki da rigima. Ki je gida ki huta, idonki duk ya faɗa."

Ya tare ɗan acaɓa ya hau. Tana tsaye tana kallon bayansa har ya ɓace.

* * *

Abin ya faro ne ranar da dangin Shekari suka zo gaisuwa gidansu.

Mahaifinta, Baba Timothy, shekara talatin da ɗaya ya yi a aikin gwamnati kafin ya yi ritaya, kuma babu abin da yake alfahari da shi kamar cewa ba a taɓa biyansa albashi ba sai an cire haraji. Ya saurari baƙin har suka gama, ya cire tabarau ya ce, "Ɗaukar hoto ba aiki ba ne, yawon biki ne. Amma ba zan yanke wa yaro hukunci da ka ba. Ya kawo mini takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku. A jikinta ake rubuta abin da mutum ke samu. In na gani, sai mu yi magana."

Sylvanus, ɗan abokin Baba, tuni ya kawo tasa ba tare da an tambaye shi ba, a cikin leda mai sheƙi.

Damaris ba yarinya ba ce. Shekararta ashirin da shida, tana da diflomar akanta, tana da teburinta a bakin kasuwa inda tela da mai walda da mai kanti ke kawo mata lissafinsu. Kowa ya san faɗanta. "Malam, ina rasit? Kuɗin haya, kuɗin man janareto, kuɗin kaya, duk a cire su tukuna, abin da ya rage shi ne naka, a kansa ake biya. Kuma kada ka rubuta mini kuɗin da bai shigo hannunka ba, ko da an rantse za a kawo gobe." Mutane da yawa ta raba da biyan abin da bai kamace su ba. Har a ofishin haraji, in aka ga rubutunta ba a cika bincike ba.

Shekari ya kawo mata littafinsa, ya sa hannu a fom ɗin tun ba a rubuta komai ba, ya ce, "Ke kika san kan abin."

Da ta zauna ta yi lissafi, sai ta ga abin da bai taɓa ɓoye mata ba amma ba ta taɓa gani a rubuce ba. Fim ɗaya hoto talatin da shida yake ɗauka. A wurin biki kowa na cewa, "Mai hoto, ɗauke ni," a gyara ɗankwali, a yi murmushi. Ya je ya biya kuɗin wanki na duka, ya dawo yana bin mutane gida gida, rabinsu su ce ba su yi kyau ba, wasu su ce sai ƙarshen wata. Kwalaye shida ne a ƙarƙashin teburinsa cike da fuskokin da masu su ba su dawo ba. In aka cire kuɗin fim da na wanki da haya, abin da ya rage a shekara bai wuce dubu sittin ba.

Ta tuna takardar Sylvanus. Ta tuna yadda Baba zai ɗaga tabarau.

Sai ta ƙirga fim ɗin duka, ta ninka da talatin da shida, ta ninka da naira hamsin, kamar kowane hoto an saye shi. Ba ta cire ko sisi na kashewa ba. Ta rubuta dubu ɗari biyu a kowace shekara, ta sa adireshin teburinta a maimakon na shagon.

Ba wai ba ta san harajin zai yi nauyi ba. Ta yi nata shirin. Kwasar adashinta na zuwa, za ta haɗa da ɗan abin da ta tara ta biya a ɓoye, ta miƙa masa takarda ya kai wa Baba da kansa a ɗage. Sai masaƙar garin ta daina biyan ma'aikata, mafi yawan matan adashin kuwa matan ma'aikatan masaƙa ne. Zubi ya tsaya cak. Takardar ofishin haraji ta farko ta zo, ta ce bari ta ga mako mai zuwa. Ta biyu ta zo. Kwana talatin ɗin da ake bai wa mutum ya kai ƙorafi suka wuce tana ta cewa gobe.

* * *

Motar Sylvanus ta tarar a ƙofar gida. Ta san labari ya riga ta isowa.

Baba Timothy na kan kujerarsa a falo, Sylvanus na gefe cikin farar shadda yana kaɗa makullin mota. Ta durƙusa ta gaishe da mahaifinta.

"Kin ji abin da mutuminki ya jawo?" in ji Baba. "Kwaɗon gwamnati! A unguwar da nake dattijon coci. Mutumin da zai ci haƙƙin hukuma shekara uku, ya yi biris da takarda har biyu, shi zan ɗauki 'yata in ba?"

"Baba, ba ka ji ta bakinsa ba."

"Kwaɗon ya yi magana. Ban taɓa tilasta miki komai ba, Damaris, ni na kai ki makaranta don ki yi tunani da kanki. Amma albarkata ba za ta bi ki gidan nan ba. Iyayen Sylvanus na son zuwa ranar Lahadi bayan sujada, na ce su zo."

"Su zo su gaishe ka, Baba. Ni ban kira kowa ba."

"Kin ji ta ko?" Baba ya dubi Sylvanus. "Bakin nan nata tun tana firamare."

Ta tashi ta fita bayan gida. Tana tsaye a bakin famfo ta ji ƙamshin turarensa a bayanta.

"Madam Akanta, ni ba na gaba da talaka," in ji Sylvanus a hankali. "Dubu sittin da uku kuɗin tayar motata ne. Ranar Litinin zan biya, da tarar da komai, a cire masa kwaɗo ya ci gaba da ɗaukar fasfo. Ba zai ma san daga ina ba. Ke dai ki zauna a falo ranar Lahadi ki yi murmushi."

"Sayena za ka yi?"

"Haba. Shi nake saya miki. Kina son sa, ko ba haka ba? To ki cece shi."

Ya koma falo ya bar ta da ruwa na zuba a kan ƙafarta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba ta zage shi ba. Ta tsaya tana auna maganar. In ta yarda, shagon zai buɗe, ba wanda zai taɓa sanin abin da ta yi, Shekari zai riƙa tunawa da ita a matsayin wadda ta guje shi don mota. Wannan ma ya fi mata sauƙi a kan ya san gaskiya.

Ta shiga kicin. Mama Martha na tankaɗen garin acca. Kallo ɗaya ta yi mata ta ajiye rariya.

"Rufe ƙofar. Me kika yi?"

Damaris ta zube a ƙasa ta kifa kai a cinyar mahaifiyarta. Kukan da ta riƙe wata biyu ya ɓalle.

"Ni ce, Mama. Ni na rubuta ƙarya a fom ɗinsa. Ni na ɓoye takardun. Bai san komai ba, har haƙuri yake ba ni yau da safe. Haƙuri, Mama! Yana cewa na sha wahala a kansa."

"Yesu Mai Ceto!" Mama ta dafe ƙirji. "Ke da kike yi wa mutane wa'azin rasit? Me ya kai ki?"

"So nake Baba ya girmama shi."

"Shi kike so a girmama, ko ke ce ba kya so a ce 'yar makaranta ta auri mai dubu sittin?"

Damaris ta ɗago da sauri za ta musa, sai ta kasa. Ta mayar da kai ƙasa.

Mama ta riƙa shafa mata kitso, hawaye na bin kumatunta ita ma. Can ta rage murya.

"Ki saurare ni. Kada ki gaya wa babanki. Jininsa ya hau tun watan jiya, in ya ji 'yar da yake alfahari da ita ta yi wa gwamnati ƙarya, ban san abin da zai faru ba. Teburinki kuma ya mutu, wa zai sake kawo miki lissafi? Ana ma iya kama ki. Ki bari in sayar da keken ɗinkina, in je wurin 'yan'uwana, a hankali mu biya."

"Yana da aure biyu gobe, Mama. Kyamararsa na kulle."

"Gobe ɗaya ce. Sunanki kuwa na har abada ne."

Damaris ba ta tashi ba. Tana nan a ƙasa har rana ta yi sanyi, sai suka ji sallama a ƙofar falo. Muryar Shekari ce.

* * *

Ta laɓe a bayan labule. Sylvanus bai tafi ba. Shekari ya cire takalmi ya durƙusa a tsakar falo, rigarsa jiƙe da zufa.

"Baba, daga ofishin haraji nake. Na zo ne kada ka ji a bakin wani."

"Na riga na ji. Me ka zo ƙarawa?"

"Sun nuna mini fayil ɗina. Ba su zalunce ni ba, abin da aka rubuta musu a kansa suka yi lissafi." Ya gyara durƙusonsa. "Ni na ba Damaris lambobin ƙarya. Na ce mata ina samun dubu ɗari biyu don ka ga girmana. Takardun da aka aiko ma, ta ba ni, ni na jefar. Ita ba ruwanta. Zan sayar da kyamara in fara biya. Maganar aure kuma, na san na ɓata ta da hannuna."

Sylvanus ya saki dariya. "To, ka ji mai gaskiya! Baba, aƙalla ya rage mana aiki."

Nan take Damaris ta gane abin da Shekari ya yi. Ya gani. Ya ga rubutunta, ya ga adireshin teburinta, ya hau acaɓa tun daga can yana shirya ƙaryar da zai rufe ta da ita. Mama ta riƙe mata hannu tana girgiza kai. Ƙofa a buɗe take, ba abin da ake nema daga gare ta sai ta yi shiru.

Ta zame hannunta ta ɗaga labulen.

"Ƙarya yake yi, Baba."

"Damaris, koma ciki," in ji Shekari ba tare da ya dube ta ba.

"Ba zan koma ba." Ta buɗe jakarta ta ciro takardun biyu ta ajiye a kan tebur gaban mahaifinta. "Ga su nan, ba a jefar ba. Wurina aka kawo su. Fom ɗin babu komai a jiki Shekari ya sa hannu, don ya yarda da ni. Ni na ƙirga hotunan da ba a saya ba na mai da su kuɗi. Ni na ƙi cire kuɗin fim da na wanki. Littafinsa gaskiya ne tun daga shafin farko har na ƙarshe, ni na ga gaskiyar na ji kunyarta."

Baba Timothy ya ɗauki takardun ya duba kwanan wata, ya duba adireshi. Ya daɗe yana dubawa. Da ya cire tabarau, fuskarsa ta tsufa.

"Ke?" ya ce. "Ke da nake cewa a coci a kai miki lissafi?"

"Ni, Baba. Ka yi mini duk abin da ka ga dama, amma kada ka sake kiransa macuci."

Sylvanus ya gyara zama. "Baba, abin bai kai haka ba. Ina da mutane, za a iya rufe maganar a cikin gida."

"Ɗana, ka gaida babanka," in ji Baba. "Ka ce masa Lahadi ba za ta yiwu ba. Gidana akwai wanki."

Bayan ƙarar motar ta yi nisa, Baba ya juya wurin Shekari da ke durƙushe har yanzu.

"Nawa kake samu? Na gaskiya."

"Dubu sittin, Baba, in shekara ta yi kyau."

"Fenshona bai kai haka ba." Ya ajiye tabaraun a gefe. "Kai ma ka yi mini ƙarya a falona yau. Amma na san irin ƙaryar. Tashi ka zauna a kujera."

Shekari ya miƙe, sai dai bai zauna ba. Ya yi godiya, ya gaida Mama da ke kuka a bakin labule, ya sa takalminsa ya fita.

Damaris ta bi shi da gudu ba ko ɗankwali. A bakin ƙofar gida ta cim masa.

"Shekari, don Allah ka tsaya. Ka zage ni, ka yi mini ihu, kada ka tafi haka."

Ya tsaya. Idanunsa sun yi ja.

"Me ya sa kika fito? Da kin bari ya wuce."

"In bar ka ka ɗauki laifina ka tafi da shi?"

"Da ya fi mini sauƙi." Ya goge fuska da tafin hannu. "Kin san abin da ya fi ci mini rai a ofishin nan? Ba kuɗin ba ne. Ba kwaɗon ba ne. Magatakardan ya buɗe fayil, na ga rubutunki mai kyau ɗin nan, dubu ɗari biyu, dubu ɗari biyu, dubu ɗari biyu. Na tsaya ina kallon mutumin da kike so ki aura. Ban san shi ba, Damaris. Ni ba shi ba ne."

"Kai nake so. Wallahi kai nake so."

"Kin ga abin da nake samu da zufata, kwana uku kina kallonsa, kika ga bai isa a nuna wa mutane ba. Kika zo kina mini dariya wata biyu da takardu a jaka. Babanki a fili ya raina ni, na jure. Naki ban san inda zan ajiye shi ba."

Ta bar hawayen suna zuba, ba ta share ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba.

"Ranar Litinin zan je ofishin," ta ce. "Zan rubuta musu abin da na yi, in sa hannu da sunana. Zan roƙi a sake lissafi da littafinka. In sun rufe teburina su rufe. In sun kira 'yan sanda su kira."

"Kin san kowa a kasuwa zai ji?"

"Na sani."

Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da yake yi wa mutum kafin ya danna kyamara.

"Zan je in ari kyamara saboda auren gobe," ya ce. "Litinin ƙarfe tara ina bakin ofishin. In kin zo kin faɗa musu da bakinki, za mu zauna mu yi magana. Ban yi miki alkawarin komai ba."

Ya juya ya bi layin da ƙafa. Ba ta kira shi ba.

Da ta koma falo, Baba na zaune inda ta bar shi, bai ɗago ba. A kan tebur ya ajiye farar takarda da bironsa.

"Da hannu za ki rubuta," ya ce. "Kwafi biyu. Ni zan raka ki."

Ta durƙusa a gaban teburin ta jawo takardar. Sau ɗari ta rubuta wa mutane irin wannan wasiƙa, kullum da sunan wani a sama. Ta share idonta da bayan hannu don kada hawaye ya ɓata tawada, ta sa kwanan wata, sannan ta fara:

"Ni, Damaris Timothy, ni ce na cika fom ɗin, kuma abin da na rubuta ba gaskiya ba ne."